Zoben Gilashin Kunkuru

"Ajiye sukudirebar nan," in ji tsohon.

Mai Fenti ya tsaya cak, hannunsa na cikin akwatin kayan aiki. Ko fito da ita bai gama yi ba. Ya waiga ya dubi maƙwabcinsa, wanda duk layinsu ke kira Baba Mai Gilashi, yana zaune a kujerar roba ƙarƙashin inuwa, ƙafafunsa a kumbure cikin silifas, idanunsa da ciwon yanar ido ya rufe suna kallon wani wuri dabam. Mutumin da ba ya bambance fuskar 'yarsa da ta baƙo sai an yi magana, ta yaya ya san abin da aka ɗauko?

"Baba, ai ban ma..."

"Na ji kukanta. Shekara arba'in da shida ina cikin ƙarafa, ka ce ban san kukan sukudireba ba? Ajiye ta. Ita ta kashe wancan, ba za ta kashe wannan ba."

Wancan. Mai Fenti ya saki sukudirebar. Ga shi ƙato mai furfura a gemu, mai shago da ma'aikata, amma sai ya tsinci kansa yana sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Ashe tsohon ya sani. Shekara uku ke nan ya sani.

Abin da ya faru ba wani mai tsawo ba ne. Baba Mai Gilashi na da wata tsohuwar mota mai zagayayyen baya a rumfar gidansa, wadda 'yan layi suka laƙaba wa suna Kunkuru, don shekara goma sha ɗaya ba wanda ya ga ta yi taku ɗaya. Motar maigidansa ce, wanda ya koya masa sa gilashi tun yana saurayi. Ya tsinto ta a wani kango ta ruɓe, ya jawo ta gida, ya dinga gyara ta kaɗan-kaɗan, yau ƙofa, gobe fitila. Da ciwon zuciya ya kwantar da shi asibiti, fenti kawai ya rage. Sai Mai Fenti ya ce bari ya yi abin kirki, tsoho ya dawo ya tarar da motarsa tana sheƙi.

A bayan motar akwai wani siririn ƙarfe mai walƙiya da ya kewaye gilashi, wanda tsohon ke kira zobe. Gida biyu ne, dama da hagu, da ɗan marfi kamar ɗan yatsa da ke rufe mahaɗarsu ta ƙasa. Mai fenti na ƙwarai ba ya son fesa fenti a gefen ƙarfe, don haka ya sa sukudireba ya ɗaga zoben, kamar yadda yake yi wa motocin zamani. Zoben ya ƙi. Ya ƙara ƙarfi. Kafin ya farga, ƙarfen ya lanƙwashe a wuri huɗu, ya karye a kwana, ɗan marfin kuma ya yi tsalle ya ɓace. Garin neman gira aka rasa ido.

Ya ɓoye gawar zoben a saman silin shagonsa. Da tsohon ya dawo, ya shafa sabon fentin ya sa albarka, sai Mai Fenti ya ce masa ai zoben na nan a shago, an naɗe shi an adana. Tsohon ya ce, "To, madalla." Daga nan bai sake tambaya ba, ko sau ɗaya. Ya dai sa aka cire gilashin bayan aka naɗe da bargo, ya yi odar sabuwar robar da ke riƙe gilashin, aka rufe ramin da tamfol. Da ya tambaya da ya fi sauƙi. Shirun nan shi ya hana Mai Fenti sakat.

Shekara uku yana nema. Babu filin tsofaffin motocin da bai taka ba, babu dillalin kayan gyaran da bai tura wa hoto ba. An kawo masa zobe iri-iri, wani ya yi tsawo, wani kwanarsa ta yi faɗi, wani ma na firji ne, mai kayan yana rantsuwa na mota ne. An daina ƙera irin wannan tun kafin a haifi rabin masu sayar da kayan. Sai makon jiya wani direba mai ɗaukar ƙwai ya ga Kunkuru ya ce, "Kai, akwai 'yar'uwar wannan a bayan gari. Wata tsohuwa ke kiwon kaji a ciki." A makon ne kuma likita ya gaya wa 'yar Baba cewa ta kai shi gida, ta ba shi duk abin da ransa ke so.

Mai Fenti ya je ya ga motar, ya ga zoben cif ba ko lotsawa, ya kai hannu, sai ya janye shi. In ya ɓata wannan, babu wani. Shi ne ya dawo ya zauna a bakin gadon tsohon yana kame-kame, wai wani abokinsa ne ke da irin motar, yake tambaya yadda ake cire zobe. Tsohon ya ce, "Ɗauko mini takalmina. Da jakar nan da ke rataye a rumfa." 'Yarsa ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce wa Mai Fenti, "Yaya, in wani abu ya same shi a hanya, ni da kai ne." Tsohon ya ce likita ya ce a ba shi abin da ransa ke so, to wannan ransa ke so.

Shi ne ya kawo su bayan gidan mai kajin nan, inda motar ke zaune a kan cikinta ba taya ko ɗaya, ciyawa ta fito ta wurin injin, kaji na shiga da fita ta ƙofar direba kamar gidan ubansu.

Mai kajin, wata gajeriyar tsohuwa mai kaifin baki, ta fito da bokiti a hannu.

"Ni dai na faɗa tun farko," ta ce. "Ƙarfen ku ɗauka, ba ya yi mini ƙwai. Amma gilashina ya koma inda yake. Akwai wani muzuru a unguwar nan, kwana ɗaya aka bar masa rami, na tashi ba kaza."

"Zai koma, Inna," in ji Mai Fenti, alhali bai san ta yadda zai koma ba.

"Kama ni," tsohon ya ce masa. "Kai ni wurinta."

Taku goma sha biyu ne tsakanin kujerar da motar, amma sai da suka tsaya sau biyu. Numfashin tsohon na fita da ƙyar, hannuwansa na kakkarwa yadda ko kofin ruwa ba ya iya riƙewa sai an tallafa masa. Mai Fenti ya ɗora masa tafin hannu a kan gilashin. Nan ya ga abin da har yau in ya ba da labari sai tsigar jikinsa ta tashi. Yatsun na taɓa ƙarfen, rawar ta tsaya. Ta tsaya ɗif, kamar an kashe inji. Yatsun nan masu kanta suka fara bin zoben a hankali, daga ƙasa zuwa kwanar hagu, suka haye sama, suka gangaro dama, ba tuntuɓe, ba lalube. Fuskar tsohon ta saki. Har leɓɓansa na motsi kamar mai gaisawa da wani da ya daɗe bai gani ba.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Shekara hamsin a rana da ruwa, ko gezau. Masu aikin da, Allah ya jiƙansu." Yatsansa ya tsaya a ƙasa, inda gida biyun suka haɗu. "Marfin mahaɗa ne kawai babu."

Mai Fenti ya sunkuya. Ya leƙa, ya ga gaskiya ne, akwai 'yar tazara a buɗe. Duk zuwansa bai lura ba.

"Baba, yanzu ya za mu yi?"

"Bar wannan. Ba shi ya kawo mu ba. Ƙarfe nawa?"

"Goma saura."

"To mu zauna. Sai rana ta dafa robar. Ita za ta yi mana rabin aikin, kuma ba ta gajiya."

Suka zauna. Mai Fenti, wanda a shagonsa ba ya iya zaman minti biyar ba tare da ya daka wa wani tsawa ba, ya zauna awa biyu yana kallon rana tana hawa bayan mota. Mai kaji ta kawo ruwan ɗumi da sabulu bisa umarnin tsohon, aka dinga tsiyayawa a gefen robar. Ita da tsohon suka shiga hira kamar sun shekara da sanin juna. Ta ce motar mijinta ce, a ciki ya koya mata tuƙi, ta bi ta kan katangar maƙwabci, daga ranar ya ce ta tsaya a kiwon kaji. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da rana ta take, ya ce, "Shiga ciki. Ɗauki wuƙa."

"Ciki? Baba, ai zoben a waje yake."

"Ka ji irin ta. Haka ka ce wancan karon. Zoben nan yana da haƙori a bayansa, ya nutse cikin roba, robar kuma gilashi da jikin mota sun matse ta. Muddin gilashi na zaune, ko aljani bai isa ya zare shi lafiya ba. Gaba ɗaya suke fita, gilashi da roba da zobe, kamar uwa da goyonta. Shiga."

Mai Fenti ya tattare riga ya kutsa. Wari ya buge shi, kaji suka watse suna tsine masa, wata mai kwanci ta sare shi a gwiwa. Ya bi leɓen robar ta ciki da wuƙa, yana yankewa kaɗan-kaɗan, tsohon na waje ya jingina kunnensa da gilashin.

"Kana taɓa ƙarfe. Kwantar da wuƙar. Yawwa."

Da ya zagaye, tsohon ya sa aka shimfiɗa bargo a kan but, murfin bayan motar. Ya ce Mai Fenti ya cire takalmi, ya kwanta rigingine a ragowar kujerar baya, ya ɗora tafin ƙafafunsa biyu a saman gilashin.

"Ba shuri za ka yi ba. Miƙa za ka yi, irin ta wanda ya tashi daga barci. Inna, tare mini nan, da tafin hannu, ban da yatsa."

Mai Fenti ya fara turawa. Zufa na shiga idonsa. Ta cikin gilashin mai ƙura yana ganin kan tsohon a manne, ido a rufe.

"Hagu ta fi ƙarfi, sassauta. Dakata. Bar shi ya yi numfashi." Mai Fenti ya riƙe ƙafafunsa a haka. "Yanzu. Duka biyu."

Wani sauti ya fito, kamar an buɗe murfin tulu da ya daɗe a rufe. Haske da iska suka shigo ta sama. Gilashin ya kwanta a hankali cikin hannun mai kaji, ya sauka kan bargo, da robarsa da zobensa, ba ko tsaga.

"Ikon Allah," in ji mai kaji. "Malam, da kunne ka gani?"

"Da shi nake ci yanzu, Inna."

Aka kwantar da gilashin a tabarma. Tsohon ya ce a zaunar da shi a ƙasa kusa da shi. Mai Fenti ya kai hannu zai ja zoben, sai ya ji an riƙe masa wuyan hannu, riƙo mai ƙarfin da bai yi zaton ya rage a jikin nan ba.

"Ba a jan zobe. Robar ake lanƙwasawa baya, shi ya fito da kansa. Ga shi, duba." Babban yatsansa ya danna robar, ta buɗe baki, ƙarfen ya ɗago kansa kamar tsiro. "Roba tana da mantuwa, ka murɗe ta ta koma. Ƙarfe ba ya mantuwa. Ka lanƙwasa shi sau ɗaya, ya riƙe ka da ita har abada."

Mai Fenti ya karɓa, yana danna robar, zoben na fitowa ɗan yatsa bayan ɗan yatsa. Da ya zo kwanar farko, daidai inda wancan ya karye, sai ya dakata. Kunya da nadamar shekara uku suka taso masa gaba ɗaya.

"Baba, ka yafe mini. Na ɓata maka abu, na kuma yi maka ƙarya."

"Ni ba ƙarfe ba ne," in ji tsohon. "Kula da kwanar nan."

"Amma yaya aka yi ka sani?"

"Kwanar, na ce."

Gida biyun suka fito lafiya. Mai Fenti ya ɗaga su da hannu biyu, ya ji ba su da nauyin komai, abin da ya hana shi barci shekara uku bai kai nauyin cokali biyu ba. Ya naɗe su da zane, ya kai motar da suka zo da ita, ya dawo yana murmushi yana shirin tattara kaya.

"Ina za ka? Gilashin Inna fa?"

Daga jakar da ya sa aka ɗauko, tsohon ya fito da tsohuwar robar Kunkuru, wadda ya cire shekara uku da suka wuce, a shafe da mai, tana laushi kamar sabuwa. Ashe tun a gida ya san za a yanka robar mai kaji, ya san kuma za a buƙaci wata. Ya aro igiyar shanyar mai kaji, ya goga mata sabulu. Ya nuna wa Mai Fenti yadda ake sa roba a gefen gilashi, a cusa igiya cikin kwarin robar a zagaye, bakin igiyar biyu su gitta a ƙasa. Aka ɗora gilashin a ramin, mai kaji ta dafe ta waje, Mai Fenti na ciki yana jan igiyar a hankali. Duk inda igiyar ta fita, sai leɓen robar ya biyo ta ya haye kan ƙarfen motar ya kama. Bai taɓa ganin abu mai sauƙi da wayo irin wannan ba. Da igiyar ta ƙare a sama, gilashin ya ce tuf, ya zauna.

Tsohon ya shafa gefen ya ce, "Cire. A sake."

"Baba, ai ya zauna."

"Ka fizga a kwanar dama. A sake."

Aka tura shi waje, aka sake. Tsohon ya shafa ya ce a sake.

"Haba Malam," in ji mai kaji, tana yarfe hannu. "Kaji ne fa za su kwana a ciki, ba baƙin gwamna ba."

"Yi haƙuri, Inna. Ba don kajinki ba ne." Ya juya wajen da yake jin numfashin Mai Fenti. "Ranar da za ka sa na Kunkuru, ba lalle bakina na kusa ba. Gara hannunka ya haddace."

Mai Fenti ya koma ciki, ya kama igiyar, idonsa ya cika har ba ya ganin robar sosai, sai ya bar hannunsa ya ji ta. A kwana ya dinga juya igiyar a hankali kamar mai tuƙa abu a tukunya. Tuf. Tsohon ya bi gefen da yatsa tun daga farko har ƙarshe, sannan ya dunƙule hannu ya ƙwanƙwasa gilashin sau biyu. Duk wanda ya taɓa kai masa mota ya san wannan. In Baba Mai Gilashi ya ƙwanƙwasa sau biyu, aiki ya yi, ka ja motarka.

A hanyar komawa ya yi barci, zoben na kan cinyarsa. Sai ɗaukarsa aka yi zuwa ɗaki. Kallon da 'yarsa ta yi wa Mai Fenti kawai ya isa. Amma da ta ga uban ya farka yana shafa ƙarfen yana murmushi, ta fita tsakar gida ta share hawaye, ta dawo da tsumma mai laushi ta miƙa masa.

Bai sake tashi ba. Gadonsa na jikin tagar da ke kallon rumfa, nan ya kwana uku yana goge zoben in ƙarfi ya zo masa, in ya gaji ya rungume shi. Abinci sai cokali biyu. Mai Fenti ya so ya sa gilashin washegari, amma hadari ya rufe gari, tsohon ya ce roba mai sanyi ba ta jin magana, a jira. Mai Fenti ya dinga fita yana duban sama yana jin kamar ya yage gajimaren da hannu. Kowace safiya muryar tsohon na ƙara nisa.

Rana ta huɗu gari ya waye tas. Mai Fenti ya shigo gaisuwa, ya tarar da tsohon ya juya fuska wajen taga.

"Na ji rana a goshina," ya ce, da ƙyar ake jin sa. "A shimfiɗa robar." Ya tura masa zoben. "Shi za ka fara sawa a roba, kafin igiya. Kar ka manta."

"Ba zan manta ba, Baba."

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya robar ta yi laushi. Mai Fenti ya yaye tamfol ɗin da ya shekara uku a bayan Kunkuru, ya warware gilashin daga bargo, ya sa roba, ya buɗe bakinta da babban yatsa ya kwantar da zoben gida bayan gida. Ya cusa igiya. Sai ya tsaya, don aikin na mutum biyu ne. Yana tunanin wa zai kira, sai ga 'yar Baba ta fito tana naɗe hannun riga.

"Ya kore ni," ta ce. "Wai in zo in dafa maka. Na ce ba zan bar shi shi kaɗai ba, ya ce tun ina 'yar shekara tara nake dafa masa gilashi, yau ne zan ƙi?"

Suka ɗora gilashin. Ta buɗe tafukan hannunta a kai, irin buɗewar ubanta sak. Mai Fenti ya shiga ciki ya durƙusa a kujerar baya. Tagar ɗakin na buɗe kaɗan, taku biyar daga inda suke. Ya saurara ko zai ji an ce hagu, ko dakata, bai ji komai ba. Ya ja igiyar. Leɓen robar ya biyo ta. Ƙasa ta kama, kwanar hagu ta kama. A kwanar dama igiyar ta cije, ya ji hannunsa na son fizga. Ya tsaya, ya bar shi ya yi numfashi, sannan ya juya igiyar a hankali. Ta wuce. Ya haye sama, bakin igiyar biyu suka haɗu a tsakiya, suka fita tare.

Tuf.

Suka tsaya ba mai motsi. Sai daga tagar ɗakin suka ji an ƙwanƙwasa gilashi da wani abu mai ɗan kaifin sauti. Sau ɗaya. Sau biyu.

'Yar ta fashe da dariya, hannunta a baki. "Ka ji shi ko? Yaya, ka ci jarrabawa."

Suka wanke hannu a famfo, suna ta surutu kamar yara, ita tana tsokanarsa wai ya yi zufa kamar wanda ya ɗauki motar a ka. Ta riga shi shiga ɗakin. Yana bakin ƙofa yana cire takalmi ya ji ta ce "Baba," sannan ta sake cewa "Baba," da wata irin murya.

Yana kwance a gefensa, fuskarsa na wajen taga, hannunsa ɗaya a kan dakalin tagar. Fuskar ta saki, irin sakin da ta yi ranar da ya taɓa zoben a gidan mai kaji. Mai Fenti ya yi salati, ya durƙusa, ya kama hannun don ya sauko da shi. Hannun na da ɗumi tukuna. Da yatsun suka buɗe, wani ɗan ƙarfe ya zame ya faɗo kan zanen gado.

Marfin mahaɗa ne. A gefensa akwai ɗan ƙwarzane, wanda Mai Fenti ya gane nan take, don bakin sukudirebarsa ne.

"Ranar da aka sallamo shi daga asibiti ya taka shi a rumfa," 'yar ta ce, tana kuka tana magana. "Tun ranar yake aljihunsa. In zan wanke riga sai ya ce in miƙo masa abinsa. Na ce ya yi maka magana mana, ya ce a'a, mutumin da ke yawon nema a bar shi ya samu."

An kai shi makwancinsa kafin rana ta yi sanyi. Layin ya cika da direbobi da makanikai, waɗansu ma ba wanda ya san su, kowa da labarin gilashin da aka sa masa shekara ashirin bai taɓa yoyo ba. Da mutane suka ragu, Mai Fenti ya zare jiki ya shiga rumfa shi kaɗai. Ya fito da ɗan marfin. Shekara uku na shafar babban yatsa sun sa ya fi zoben kansa sheƙi. Ya ɗora shi a kan tazarar, bai danna da ƙarfi ba, ya tura shi a hankali ta gefe har ya ji ya kama.

Ya ja baya ya tsaya. Ranar yamma ta shigo ta ƙarƙashin rumfar ta sauka a bayan Kunkuru, zoben ya ɗauke ta ya jefa wani siririn haske a bangon ɗakin, daidai ƙasan tagar, inda kujerarsa ta roba ke jingine. Hasken ya daɗe a wurin kafin ya fara hawa bangon a hankali.